Gina Nginx ko Apache daga tushe: abin da `make install` ba ya yi maka

Duk wanda ya taɓa girka sabar yanar gizo a kan Debian ko Ubuntu ya san layi ɗaya ya wadatar. Ka rubuta `apt install nginx`, kafin ka ɗauke hannu daga kibod shafin maraba ya bayyana. To me zai sa mutum ya bar wannan sauƙi ya sauko da lambar tushe ya zauna yana haɗa ta da hannu? Dalilan da suke da nauyi ba su da yawa. Ko dai kana buƙatar wani modul da masu kula da nau'in Linux ɗinka ba su saka ba, ko kana son fasalin da bai kai ga ƙunshinsu ba tukuna, kamar HTTP/3 da ya shigo Nginx a siga ta 1.25.0 a 2023, ko kuma akwai faci na musamman da kake son liƙawa. Dalilin da aka fi yawan ji, wato "nawa zai fi sauri", shi ne mafi rauni. Sabar yanar gizo tana ɓata mafi yawan lokacinta ne wajen jiran faifai, jiran hanyar sadarwa da jiran rumbun bayanai, kuma babu tutar kwamfaila (manhajar da ke juya lambar tushe ta zama shiri) da za ta rage wannan jiran.

Haɗawar kanta ba ita ce wahala ba. Umarni uku ne: `./configure`, `make`, `make install`. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ƙunshin Debian ko Red Hat yake yi maka a ɓoye ba tare da ka lura ba. Shi ne yake ƙirƙiro mai amfani na musamman, ya rubuta fayil ɗin systemd (mai tayar da ayyuka a Linux), ya tsara juya fayilolin log, ya sa tutocin kariya, sannan idan aka gano ɓaraka ya kawo maka gyara har gida. Ranar da ka gina daga tushe, duk wannan ya dawo wuyanka.

Kafin a taɓa configure

A sauko da fayil ɗin daga shafin masu manhajar, tare da fayil ɗin sa hannu mai ƙarewa da `.asc`. Apache tana buga zanen yatsa na SHA-256 da SHA-512 kusa da kowane saki, tana kuma da fayil mai suna `KEYS` da ke ɗauke da makullan masu sakin. Ana shigar da makullan da `gpg --import KEYS`, sai a gudanar da `gpg --verify httpd-2.4.62.tar.gz.asc httpd-2.4.62.tar.gz`. Zanen yatsa yana nuna fayil ɗin bai lalace a hanya ba. Sa hannu yana nuna wanda ya sake shi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke nuna cewa abin da ke ciki mai tsabta ne, kuma abin da ya faru da manhajar matse fayiloli ta xz a watan Maris na 2024 ya isa shaida: sigogi 5.6.0 da 5.6.1 sun fito da sa hannu ingantacce, amma kura ce da fatar akuya, domin wanda ya dasa ƙofar bayan yana cikin masu kula da manhajar. Duk da haka a duba. Kariya ce daga madubin saukarwa da aka yi wa kutse, kuma minti ɗaya take ci.

Lambar sigar Nginx tana da ma'ana. Idan lambar tsakiya mara ce, kamar 1.27 ko 1.29, reshen ci gaba ne, inda sabbin fasaloli da dukkan gyare-gyare suke fara sauka. Idan cika ce, kamar 1.26 ko 1.28, reshen da ake kira tsayayye ne, wanda manyan gyare-gyare kawai ake mayar masa. Tsayayye a nan yana nufin ba ya yawan canzawa, ba wai ya fi ɗayan inganci ba. Wanda ya dogara da modul na wasu mutane dabam ya fi samun kwanciyar hankali a reshen tsayayye, saboda cikin manhajar ba ya sauya masa a tsakiyar shekara. A Apache kuwa, reshen 2.4 ne ake amfani da shi tun Fabrairun 2012.

Sai kayan aiki. A Debian da Ubuntu: `build-essential`, `libpcre2-dev`, `zlib1g-dev`, `libssl-dev`. A dangin Red Hat: rukunin `Development Tools`, da `pcre2-devel`, `zlib-devel`, `openssl-devel`. Wannan `-dev` ko `-devel` shi ne tarkon farko da sabon shiga yake faɗawa. Mutum zai ga `configure` ya ce `SSL modules require the OpenSSL library`, ya rubuta `openssl version`, ya ga OpenSSL na nan daram, ya rasa inda matsalar take. Abin da ke kan na'urar shi ne laburaren da shirye-shirye suke kira lokacin gudu. Abin da kwamfaila take nema shi ne fayilolin `.h` masu bayyana mata sunayen ayyukan da ke cikin laburaren, kuma waɗannan suna cikin ƙunshin `-dev`. Kowane laburare da aikinsa: PCRE don tsarin daidaita rubutu da `rewrite` da `location` suke amfani da shi, zlib don matse shafuka da gzip, OpenSSL don HTTPS. Nginx ta fara karɓar PCRE2 daga siga ta 1.21.5, Apache kuma daga 2.4.53, don haka mai gina tsohuwar siga a kan sabon Linux da ya daina kawo tsohon PCRE zai ci karo da bango tun a nan.

Kada a yi `configure` da `make` a matsayin root, wato mai cikakken iko a na'ura. Rubutun `configure` shiri ne mai gudanar da ɗaruruwan ƙananan gwaje-gwaje, babu dalilin ba shi ikon dukan na'ura. Matakin girkawa kaɗai ke buƙatar `sudo`.

Configure: inda ake yanke duk hukunci

Nginx, wadda Igor Sysoev ya fara saki a fili a watan Oktoba na 2004, tana da `configure` da aka rubuta da hannu, ba na autoconf ba. Ɗabi'arta ita ce rowa: modul da yawa ba za ta ba ka su ba sai ka nema. HTTPS ma ba ya shiga sai ka ce a saka. Misalin layi mai ma'ana:

`./configure --prefix=/opt/nginx-1.28.0 --conf-path=/etc/nginx/nginx.conf --pid-path=/run/nginx.pid --error-log-path=/var/log/nginx/error.log --http-log-path=/var/log/nginx/access.log --user=nginx --group=nginx --with-http_ssl_module --with-http_v2_module --with-http_realip_module --with-http_stub_status_module --with-threads --with-pcre-jit --with-compat`

A lura da `--prefix`. In ba a faɗa ba, komai zai tafi `/usr/local/nginx`, na Apache kuma `/usr/local/apache2`. Sanya lambar siga a sunan foldar yana da amfani biyu. Na farko, babu `make uninstall` a Nginx ko a Apache, saboda haka hanya mafi tsabta ta cire abin da ka girka ita ce ya kasance duk yana wuri ɗaya. Na biyu, siga biyu za su iya zama gefe da gefe, a yi mahaɗi `/opt/nginx` mai nuni ga wadda ake amfani da ita, komawa baya ya zama sauya mahaɗi kawai. Abin da bai kamata a yi ba shi ne `--prefix=/usr`. Nan gidan mai kula da ƙunshi ne, kuma ranar da ya zo sabuntawa zai taka fayilolinka ba tare da sallama ba.

`--user=nginx` ba ya ƙirƙiro mai amfanin, suna kawai yake rubutawa cikin shirin. Sai ka yi `useradd --system --no-create-home --shell /usr/sbin/nologin nginx` da kanka, in ba haka ba farkon kunnawa zai tsaya da ƙorafin `getpwnam`. Haka nan idan ka karkatar da foldojin wucin gadi zuwa `/var/cache/nginx/client_temp`, Nginx za ta ƙirƙiri ta ƙarshen ce kawai. Uwar foldar `/var/cache/nginx` sai ka yi ta da hannu.

Apache wata duniya ce. Ta samo asali a 1995 daga facin da masu kula da shafuka suka riƙa tarawa a kan sabar NCSA, kuma tana tsaye ne a kan laburare biyu nata na kanta, APR da APR-util, waɗanda ba sa zuwa cikin fayil ɗin httpd, wato na tushen Apache. Ko a girka na tsarin, ko a sauko da su a kwance su cikin `srclib/`, a sauya musu suna su koma `apr` da `apr-util` cif, babu lambar siga, sannan a ƙara `--with-included-apr`. Barin sunan a `apr-1.7.5` ya sa mutane da yawa sun yi ta kallon saƙon cewa ba a ga APR ba alhali ga shi a gabansu.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ban haushi. Tun siga ta 1.6, APR-util ta daina zuwa da expat a cikinta. In babu `libexpat1-dev` ko `expat-devel`, haɗawa za ta tsaya a `expat.h: No such file or directory`. Mutum zai girka expat ya sake buga `make`, ya ga ya wuce wurin, sai can kusa da ƙarshe a watso masa jerin `undefined reference to XML_...`. Dalili shi ne `configure` ya riga ya yanke hukunci tun farko cewa babu expat, ya rubuta hakan cikin fayilolin Makefile, don haka ba a gaya wa mai ɗinke shirin ya haɗa da laburaren ba. Ƙa'idar ita ce: duk lokacin da aka girka wani abin dogaro bayan `configure`, a yi `make distclean`, a sake `configure` daga farko. Idan kuma saƙon kuskuren bai fito da ma'ana ba, ainihin dalilin yana cikin `config.log` na Apache ko `objs/autoconf.err` na Nginx. A `config.log` ba a ƙarshen fayil ɗin ake samunsa ba. A nemi sunan laburaren da ya gaza, a karanta layukan da kwamfaila ta yi ƙorafi a kusa da shi.

Babban zaɓin Apache shi ne MPM, wato salon da take raba baƙi ga ma'aikatanta. `prefork` yana ba kowane haɗi tsari (kwafin shirin da ke gudu) guda cikakke, `worker` yana amfani da zaruruwa da yawa cikin kowane tsari, `event` kuma ya ƙara da cewa haɗin da ke zaune yana jiran buƙata ta gaba ba ya riƙe zare. Da `--enable-mpms-shared=all` za a gina duka ukun a matsayin modul, sauyawa ya zama layi ɗaya a `httpd.conf` maimakon sabon gini. Wannan yana da muhimmanci saboda `mod_http2` ba ya aiki a ƙarƙashin `prefork` tun 2.4.27, alhali `mod_php` na gargajiya `prefork` yake so. Mafita ita ce `event` tare da PHP-FPM ta hanyar `mod_proxy_fcgi`. Layin zai ɗauki `--enable-ssl --enable-http2 --enable-proxy --enable-proxy-fcgi --enable-rewrite`, kuma HTTP/2 yana buƙatar laburaren nghttp2.

OpenSSL, da tambayar wane laburare ake kira

Nan ya kamata a daɗe, domin nan ne kuskure yake kwanciya shiru na shekaru.

Hanya biyu ce ake haɗa shiri da laburare. Ko a bar laburaren a waje, shirin ya nemo shi duk lokacin da aka kunna shi, ko a kwafe shi a dunƙule cikin shirin tun lokacin gini. Idan ka bar Nginx ta yi amfani da `libssl-dev` na tsarin, hanya ta farko ce: ranar da aka sabunta OpenSSL ta `apt` ko `dnf`, sabar ɗinka za ta amfana da zarar an sake tayar da ita. Idan ka ba ta `--with-openssl=../openssl-3.5.0`, abin da take jira shi ne foldar lambar tushen OpenSSL, ba inda aka girka shi ba, kuma za ta gina shi da kanta ta cusa shi cikin `nginx`. Daga ranar babu sabuntawar tsarin da za ta taɓa shi. A tuna Heartbleed a Afrilun 2014, ɓarakar da ta shafi OpenSSL 1.0.1 har zuwa 1.0.1f, wadda ke ba baƙo damar karanto abin da ke cikin ma'adanar sabar, har da makullan sirri. Wanda ya dunƙule laburaren cikin shirinsa zai iya sabunta tsarin gaba ɗaya, `openssl version` ya nuna masa gyararriyar siga, amma sabar tasa tana nan a buɗe. Dunƙulewa ba laifi ba ne, wani lokaci ma ita ce kaɗai hanya idan tsarin tsoho ne kuma ana son TLS 1.3, wanda ke buƙatar OpenSSL 1.1.1 zuwa sama. Amma mai yin ta ya san ya ɗauki alkawarin sake gini duk lokacin da OpenSSL ta fitar da gyaran tsaro. Shi kansa reshen 1.1.1 an daina tallafa masa kyauta tun 11 ga Satumba 2023.

A Apache, `--with-ssl=/opt/openssl` yana nufin akasin haka: inda aka riga aka girka OpenSSL. Tutoci masu kama da juna, ma'ana daban. Kuma a nan wata matsala take ɓullowa. Gini zai kammala lafiya, a zo kunnawa a ga `error while loading shared libraries: libssl.so.3: cannot open shared object file`. Kwamfaila ta san inda laburaren yake, amma mai lodin shirye-shirye bai sani ba, domin shi yana duba jerin foldojin da ke cikin `/etc/ld.so.conf` ne da nasa na asali. Ana iya ƙara foldar a `/etc/ld.so.conf.d/` a gudanar da `ldconfig`, sai dai hakan ya shafi kowane shiri a na'urar, har da SSH. Abin da ya fi shi ne a rubuta hanyar cikin shirin kansa: `LDFLAGS="-Wl,-rpath,/opt/openssl/lib64"` ga Apache, ko `--with-ld-opt` ga Nginx. A duba sunan foldar da ido, domin OpenSSL 3 a kan na'urar x86 mai bit 64 yana zuba laburarensa a `lib64`, ba `lib` ba.

Mafi munin yanayi shi ne wanda bai ba da saƙon kuskure ba. A ce `mod_ssl` an ɗinke shi da OpenSSL na `/opt`, wani modul kuma, ko laburaren curl da yake kira, an ɗinke shi da na tsarin. Siga biyu na laburare ɗaya sun haɗu cikin tsari ɗaya, suna da ayyuka masu suna iri ɗaya amma tsarin cikinsu ya bambanta. Sakamakon shi ne ma'aikata su riƙa mutuwa jefi-jefi da `Segmentation fault`, sau da yawa sai an sami cunkoso. `ldd /opt/httpd/modules/mod_ssl.so` da `ldd` a kan sauran modul ɗin za su nuna ko duk wuri ɗaya suke kallo. Kada kuma a kuskura a girka sabon OpenSSL a kan na tsarin. SSH da mai kula da ƙunshi duk a kansa suka dogara, kuma gyara na'urar da ba ka iya shiga ba ƙaramin aiki ba ne.

Game da tutocin kwamfaila, ƙunshin Debian da Red Hat suna zuwa da kariya da ginin hannu ba ya samu sai an nema: `-O2 -fstack-protector-strong -D_FORTIFY_SOURCE=2 -fPIE`, da `-pie -Wl,-z,relro,-z,now` a wajen ɗinki. Su ne suke sa kuskuren cika ma'adana ya fi yiwuwa ya ƙare da mutuwar tsari maimakon ba maharin iko. A saka su. `-march=native` kuwa a bar shi, sai in na'urar gini ita ce na'urar aiki har abada. Shirin da aka gina da shi a kan sabon furosesa zai mutu da `Illegal instruction` a kan tsoho, kuma a sabar haya ta gajimare ba kai ke zaɓar furosesan da za a mayar da kai gobe ba. Nginx tana haɗawa da `-Werror`, wato kowane gargaɗi kuskure ne, don haka tsohon modul a ƙarƙashin sabuwar GCC yakan tsayar da gini a kan abin da bai taka kara ya karya ba; `--with-cc-opt="-Wno-error"` yana buɗe hanya, amma a karanta gargaɗin tukuna.

`make -j4` yana raba aikin gida huɗu. A ƙaramar sabar mai RAM kaɗan, musamman idan ana gina OpenSSL ko modul ɗin tsaro na ModSecurity tare, kwamfaila takan mutu da kalmar `Killed`. Ba lambar tushen ce ta lalace ba, kernel ne ya kashe ta don ma'adana ta ƙare. A rage zuwa `-j1` ko a ƙara swap, wato ɓangaren faifai da ke agaza wa RAM.

Bayan girkawa

Tsugune ba ta ƙare ba. Kafin kunnawa, `nginx -t` ko `apachectl configtest`, kuma da cikakkiyar hanya, `/opt/nginx/sbin/nginx -t`. Idan akwai tsohon ƙunshi a na'urar, rubuta `nginx` kawai zai kira na `/usr/sbin`, ka yi ta gwada shirin da ba shi ka gina ba. Tsohon ne kuma yawanci yake riƙe da tashar 80 idan ka ga `98: Address already in use`, `ss -ltnp` zai nuna mai riƙe da ita. `13: Permission denied` a kan tasha yana nufin an kunna ba da root ba, domin tashoshin da ke ƙasa da 1024 sai mai iko. Tsarin da aka saba shi ne uban tsari ya tashi da root, ya kama tashar, ya buɗe makullan TLS, sannan ya haifi ma'aikata da ƙaramin iko. Su ma'aikatan ne suke karanta shafuka, saboda haka 403 a kan fayil ɗin da yake nan yawanci yana nufin wata folda a hanyar ba ta ba su izinin wucewa ba. `namei -l` a kan cikakkiyar hanyar zai nuna wacce.

A Apache da aka gina daga tushe, modul da yawa an gina su amma layin `LoadModule` nasu a rufe yake da `#`. Don HTTPS sai an buɗe `mod_ssl`, da `mod_socache_shmcb`, da layin `Include conf/extra/httpd-ssl.conf`. Mantawa da na tsakiyan ne ke kawo ƙorafin `SSLSessionCache`. Gargaɗin AH00558 kuwa ba ya hana tashi, `ServerName` kawai yake nema. Mai amfanin da ke cikin fayil ɗin asali `daemon` ne, a sauya shi da na musamman.

Fayil ɗin systemd na Nginx yana buƙatar `Type=forking`, da `PIDFile` da ya yi daidai da abin da aka ba `--pid-path`. In suka saɓa, systemd zai yi ta jira har lokaci ya ƙare ya kashe sabar da ke aiki lafiya. A ƙara `ExecStartPre` mai gudanar da `-t`, da `LimitNOFILE=65535`. Wannan na ƙarshen saboda kowane haɗi fayil ne a idon kernel, iyakar asali kuma 1024 ce, sannan abin da aka rubuta a `/etc/security/limits.conf` ba ya shafar ayyukan da systemd ya tayar. Lissafin Nginx shi ne `worker_processes` sau `worker_connections`, amma idan tana tsaye a gaban wata sabar, kowane baƙo haɗi biyu yake ci. Na Apache `prefork` ya fi hatsari: `MaxRequestWorkers` na asali 256 ne, in kowane tsari ya ci megabait 50, ana maganar gigabait 12.8. Na'ura mai gigabait 4 za ta durƙushe tun kafin a kai rabi.

Sigina, wato saƙon da ake aika wa shirin da ke gudu, ma tarko ne ga mai kula da sabobin biyu. A Nginx, HUP yana sake karanta saituna cikin lumana, USR1 yana sake buɗe fayilolin log. A Apache, USR1 ne sake tashi cikin lumana, HUP kuwa yana yanke haɗin da ake ciki nan take. Wanda ya kwafi rubutun logrotate (mai juya fayilolin log) na ɗaya ya liƙa wa ɗaya zai gane bambancin. Kuma logrotate ɗin dole ne a rubuta shi. Ba tare da shi ba `access.log` zai yi ta girma har faifai ya cika. Inda kariyar SELinux, irin ta dangin Red Hat, ke aiki, shirin da ke `/opt` ba shi da lakabin `httpd_exec_t`, don haka ba ya shiga kejin da aka tanadar wa sabar yanar gizo sai an yi masa `semanage fcontext` da `restorecon`. Mai son HTTP/3 ya tuna QUIC, wanda HTTP/3 ke bi ta kansa, a kan UDP yake tafiya: bayan `--with-http_v3_module` da `listen 443 quic reuseport`, sai an buɗe UDP 443 a katangar wuta an kuma aika kan `Alt-Svc`, in ba haka ba burauza za ta ci gaba da HTTP/2 ba tare da ta ce uffan ba.

Ranar sabuntawa

Kasancewa a kan siga mafi sabunta ba kullum ne kariya ba. A Oktoban 2021 an gano cewa Apache 2.4.49 tana barin baƙo ya fita daga foldar shafuka ya karanta wasu fayilolin na'ura inda ba a rufe su da `Require all denied` ba. Aka saki 2.4.50, an gudu ba a tsira ba, gyaran bai cika ba, sai 2.4.51 bayan 'yan kwanaki. Kuskuren sabo ne a 2.4.49, don haka masu zaune a kan tsofaffin ƙunshi irin na Red Hat bai shafe su ba, masu bin sabon saki kuwa sai da suka sake gini sau biyu a mako guda. Wanda zai iya yin hakan cikin natsuwa shi ne wanda ginin nasa yake rubuce. A ajiye layin `configure` cikin fayil tare da sigar kowane laburare. In an manta, `nginx -V` yana maimaita shi, Apache kuma tana ajiye nata a `build/config.nice`.

Mafi alheri ma shi ne kada a yi gini a kan sabar aiki. A gina a wata na'ura mai nau'in Linux iri ɗaya, a yi `make install DESTDIR=/tmp/kunshi`, a naɗe abin da ya fito ya zama `.deb` ko `.rpm`. Ko a bi ta tsakiya: `apt source nginx`, a ƙara tutar da ake so a `debian/rules`, a gudanar da `dpkg-buildpackage`, a riƙe shi da `apt-mark hold`. Idan kuwa modul ɗaya ne duk abin da ya kawo ka, tun siga ta 1.9.11 Nginx tana karɓar modul daga waje: a sauko da tushen sigar da ke kan na'urar daidai, a yi `configure` da `--with-compat --add-dynamic-module=`, sai `make modules`, a ɗauki fayil ɗin `.so` a kira shi da `load_module`. Sigar dole ta zo ɗaya har lambar ƙarshe, in ba haka ba za a ga saƙo irin `version 1026002 instead of 1028000`. Apache ta fi sassauci, `apxs -i -a -c` yana gina modul ya girka shi, kuma yawanci yana ci gaba da aiki a sigogin 2.4 na gaba.

Nginx tana iya sauya shirinta ba tare da yanke ko haɗi ɗaya ba. Bayan an ajiye sabon shirin a hanyar da aka tayar da tsohon, a aika USR2 ga uban tsari. Zai sauya sunan fayil ɗin PID zuwa `nginx.pid.oldbin`, ya tayar da sabon uba da ma'aikatansa, su biyun suna karɓar baƙi a tasha ɗaya. A aika WINCH ga tsohon, ma'aikatansa su gama abin da ke hannunsu su fita. A duba log. In komai lafiya, QUIT ga tsohon. In akwai matsala, HUP ga tsohon ya dawo da ma'aikatansa, QUIT ga sabon. Kada a yi `cp` kai tsaye a kan shirin da ke gudu, za a sami `Text file busy`. `make install` yana kauce wa wannan ta hanyar matsar da tsohon zuwa `nginx.old`.

`reload` kaɗai ba ya ɗauko sabon shiri ko sabon laburare, domin sabbin ma'aikatan daga tsohon uba ake haifarsu, da tsohon OpenSSL ɗin da ya loda tun ranar da ya tashi. `nginx -V` ma abin da ke kan faifai yake bayyanawa, ba abin da ke gudu ba. Don ganin gaskiyar, a ɗauki lambar uban tsarin daga `/run/nginx.pid`, a yi `ls -l /proc/LAMBA/exe` a ga wane fayil yake nuni gare shi, sannan `grep libssl /proc/LAMBA/maps`. Idan kalmar `deleted` ta fito a ƙarshen layin, sabar tana nan tana aiki da laburaren da aka riga aka goge daga faifai, sai an sake tayar da ita gaba ɗaya ko an bi ta USR2.